Na Kai wa Bitrus Kaset Ɗinsa

Tun da na dawo daga Kamaru ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a majalisarmu ta bakin tashar Birnin Kudu, na kai kofi baki, sai wani ya dafa kafaɗata: "Alhaji Ubale, wai da gaske ne ka tsallake ƙasa guda don kawai ka kai wa mutum kaset?" In fara ba shi labari, in kai Gombe, sai wani ya ja benci ya ce a koma farko. Na maimaita labarin nan har maƙogwarona ya fara neman hutun shekara. Maiɗakina Hajiya Gambo ta ce in rubuta in huta, ita ma ta huta, don har a barci wai ina tsallaka iyaka. To ga shi. Masu cewa ina ƙara gishiri kuma su sani, miyar da ba gishiri mara lafiya ake ba wa.

Sai na fara da Bitrus, don in ba ku san shi ba tafiyar ba ta da kai.

A zamanin da nake da gashi a ka, kafin tumbina ya fara riga ni shiga ɗaki, ni da shi muke tuƙa roka ɗaya, wata babbar mota mai bodin katako ta wani attajiri a Gwaram. Mu yi lodin gero da wake a kasuwar Sara, mu gangara kudu, mu dawo da manja. Shi mutumin Gidar ne a ƙasar Kamaru, Kirista, dogo siriri kamar raken da aka gama tsotsa, ga Hausa a bakinsa ta fi tawa gyara. Yana ce mini Liman, ina ce masa Fasto. Ni ban taɓa jan sallar mutum biyu ba, shi ma bai taɓa yi wa ko akuya wa'azi ba, amma sunayen suka bi mu har tashoshin kudu.

Dokarmu a mota ɗaya ce: wanda ke riƙe da sitiyari shi ke da rediyo. In ni ke tuƙi, kalangu da garaya ne har a isa. In shi ne kuwa, na shiga uku, don kaset ɗinsa ɗaya ne tak a duniya. Wani Bature da ya yi aiki a asibitin mishan na garinsu ne ya bar masa. A jikin kwalin akwai hoton wasu Turawa masu gashi har kafaɗa, kai ka ce an yi musu iyaka da wanzami tun ranar suna. Kiɗan kuma, a kunnena na lokacin, kamar an tara maƙeran Gwaram duka a cikin tankin ruwa, an rufe, an jefa musu kare.

"Fasto, don girman Allah, su wa aka kashe wa mutanen nan suke wannan ihu?"

"Yabon Ubangiji suke yi, Liman."

"Da wannan ƙarar? Ai Ubangiji Mai ji ne, ba sai an fasa masa tukwane ba."

Sai ya yi dariya ya ƙara murya, ni kuma in tura auduga a kunne in juya wa taga fuska.

Amma akwai abu ɗaya. Duk yadda waƙar ta kai masa karo, yana kaɗa kai yana dukan sitiyari, da ya jiyo ladan a ƙauyen da muke wucewa, ko ya ga inuwar itatuwa ta nuna lokaci ya yi, sai ka ji ƙas! Ya danne maɓalli, kiɗa ya mutu a tsakiyar kalma. Ya gangara gefen titi, ya ja birki, ya miƙa dogon hannun nan bayan kujera ya zaro buta ya ɗora mini a cinya.

"Sauka, Liman."

Bai taɓa fashi ba. Wani lokaci ina gyangyaɗi, ina so in ce a bari sai garin gaba, butar ta riga ta sauka a cinyata. Ni ke da sallar, shi ke da tsaron lokacinta.

Da mahaifinsa ya rasu ya koma gida noman auduga. Zamanin ba wayar hannu. Muka riƙa aika gaisuwa ta bakin direbobi, gaisuwar tana ramewa tana ramewa, har ta mutu a hanya. Shekaru suka yi ta gudu ba birki.

Bayan girbin bana aka sayar da rokar ga 'yan gwangwan. Ta daɗe a kwance a bayan gidan magadan attajirin a Gwaram, kaji sun mayar da ita asibitin haihuwa. Na je in yi mata ban kwana. Ina tsaye suka fizgo kujerar direba, sai ga wani abu ya faɗo a ƙura. Na ɗauka na goge da hannun riga: kaset ɗin Bitrus ne, ga Turawan nan masu gashi, hoton ya koɗe, amma gashin yana nan bai ragu ba.

Ban gama mamakin wannan ba, a makon nan wani direban motar shanu da ke zuwa Mubi ya same ni a tasha. Ya ce, "Alhaji, ba kai ne abokin Bitrus na Gidar ba? Ɓarin jikinsa ya shanye. Baki ya rufe, ba ya magana. An ce har mutane ba ya ganewa. In kana son ganinsa, kada ka jira wata damina."

Ranar ban iya cin tuwo ba, abin da Hajiya Gambo ta ce bai taɓa faruwa ba ko ranar da aka cire mini haƙori.

Ta ce, "To in ka je bai gane ka ba fa?"

Na ce, "Wannan tumbin ne kawai zai rikita shi. Bai san ni da shi ba."

Ta ce, "Ka daina wasa, Alhaji."

Na daina. Don abin da ke cina ke nan. Ba nisan hanya ba, ba iyaka ba. Tsorona in tsaya a gaban mutumin da muka raba kwanon abinci da kujerar mota rabin ƙuruciyarmu, ya kalle ni kamar mai karɓar haraji.

Na biya wajen Malam Sule, malamin unguwarmu, na shimfiɗa masa komai har da kaset ɗin. Ya juya shi gaba da baya, ya kalli masu gashin ta saman tabarau, ya ce, "Ubale, duba mara lafiya lada ne, mayar wa mutum kayansa kuma wajibi ne. Ka je. Amma in ka dawo da irin gashin nan, kada ka biyo ta ƙofata." Na cire hula na nuna masa sanƙona, na ce ya kwantar da hankalinsa, gonar ta daɗe da daina tsiro.

Saura abin da zai kunna kaset. Jama'a, ku gwada neman rakoda a zamanin nan ku gani. Na zaga Birnin Kudu, na aika Wurno, na aika Fagam. Samarin masu shagon waya suka riƙa juya kaset ɗin suna neman ramin caji. Daga ƙarshe na samu a wajen Malam Hudu mai gyaran rediyo a Gwaram, wata rakoda mai lasifika biyu, girmanta ya kai ɗan maraƙi, tana cin manyan batura kamar yadda nake cin ƙosai.

Ya ce, "Aro na ba ka. Tun aurena na fari take wajena. Ka dawo mini da ita da ranta."

Na ce, "Ko da nawa ran ne a madadi."

Daga Gwaram na hau bas mai zuwa Gombe, rakoda a cinya, jaka a ƙarƙashin ƙafa, wata tunkiya a bayan wuyana tana ɗanɗanar hulata. Muna wuce Basirka kaɗan taya ta fashe. Direba ya sauka yana rantsuwa sabuwa ce, alhali ta fi tafin hannuna sulɓi. Muka baje a gindin wata tsamiya. Zaman ya yi tsawo, na ce bari in gwada ko kaset ɗin na da sauran numfashi. Na saka, na danna.

Ya yi shuuu, ya yi tari, sai ganga ta shigo.

Ban san yadda zan gaya muku ba. Ihun da na sani yana nan, maƙeran suna nan. Amma wannan karon ba auduga a kunnena. Sai na ji ashe gangar ba hauka take ba, tafiya take, dum, dum, dum, daidai da bugun injin roka in ta ɗauki lodi. Sai jita ta taso daga ƙasa tana kuka, tana hawa, tana hawa, kamar mota a giya ta ɗaya a Hawan Kibo na hanyar Jos, har ka ce yanzu za ta tsaya ta dawo da baya, sai ta kai ƙoli ta saki numfashi. A daidai wurin nan hannuna na dama ya motsa da kansa yana neman giya. Ashe a nan Bitrus yake canjawa. Shekara da shekaru mutumin nan da kiɗan yake tuƙi, ni ina gefe ina zagin maƙera.

Na ji warin gas da manja. Na ga hannunsa a kan sitiyari. Na ga hazon safiya a kan duwatsun Jos, da matan da ke miƙo mana dankali ta taga.

Wani tsoho da ke kusa da ni ya ce, "Alhaji, hayaƙi ne ya shiga idonka?"

Na ce, "Tunkiyar nan ce ta cinye mini hula, nake jimami."

A Gombe na ci tuwon masara da miyar kuka a wajen wata mata da ke zuba man shanu kamar tana jin haushinsa, na canza mota zuwa Yola. A nan Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da Madam Rahila, tsohuwar nas da ta yi ritaya, za ta Numan wajen jikoki. Mace mai jiki, mai baki. Ni da ita muka cika kujerar mutum huɗu, yaron mota ya kalle mu ya haɗiye maganarsa.

Ta ga kwalin kaset a hannuna ta ce, "Alhaji, ina ka samo wannan? Rabona da ganin irinsa tun ina makarantar koyon jinya. Rok ake ce wa irin kiɗan nan. Lokacin da ya shigo, dattawan cocinmu cewa suka yi na shaiɗan ne, mu kuma 'yan mata muna ɓoyewa muna ji."

Na ce, "Ashe ba ni kaɗai na zage shi ba, har da masu shi."

Na roƙe ta ta fassara mini. Direba ya ce a kunna, ya gaji da labaran siyasa. Na kunna ƙasa-ƙasa, tana saurare tana gaya mini. Ta ce waccan mai hawan dutsen, mutum ne ya yi nisa da gida, ya ɓata hanya, yana roƙon Ubangiji kada ya gaji da jiransa. Wata kuma a kan tunkiya ce da ta ɓace, makiyayi ya bar garken duka ya tafi nemanta.

Na ce, "Wannan ai ko Bafulatanin Fagam haka zai yi. Sai dai in ya gan ta sai ta sha sanda tukuna."

Ta yi dariya har mota ta karkata. Da aka zo waƙoƙin da ke kiran Yesu Almasihu, ta gaya mini abin da suke faɗa ba ta rage ba. Na ce mata a nan hanyarmu ta rabu, mu a wajenmu Annabi Isa ne, tsira da aminci su tabbata a gare shi, kuma ina nan daram a kan nawa. Ta ce ta sani, ita ma tana nan daram a kan nata. Muka raba gyaɗa.

Wani matashi mai ɗan gemu a kujerar baya ya leƙo. "Baba Alhaji, da girmanka kake jin waƙar coci?"

Na ce, "Ɗana, mai kaset ɗin nan ya tsayar da mota ya miƙo mini buta sau da yawa fiye da gashin gemunka. Kayansa zan kai masa, yana kwance."

Sai ya ce, "Allah ya ba shi lafiya." Har ya miƙo mini dabino. Yaron kirki ne, gemun ne bai gama nuna ba.

Akwai waƙa ɗaya a ƙarshen fuska ta biyu ta kaset ɗin wadda ban taɓa sanin tana ciki ba, don kafin a kai gare ta na yi barci. Ba ganga, ba ihu. Mutum ɗaya ne da jita, muryarsa a dushe kamar wanda ya kwana yana tuƙi. Madam Rahila ta saurara har ta ƙare. Ta ce, "Wannan godiya yake yi saboda abokan tafiya. Yana roƙon a kai kowa gida lafiya." Ta sauka a Numan, ta bar ni da wannan.

Daga Yola zuwa Mubi ba abin faɗa sai ramuka. Akwai ramin da muka shiga da hantsi, ba mu fito ba sai da rana ta take tsaka. A Mubi na kama ɗaki a wani masauki kusa da kasuwar shanu. Fankar ɗakin tana juyawa kamar mai bin gawa, kana iya ƙirga fikafikanta ka gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sauron garin kuwa ba cizo suke ba, ɗiban jini suke kamar ma'aikatan asibiti, ɗaya ma sai da ya nemi jijiya tukuna. Amma na ci gasasshen nama a bakin kasuwa wanda har yau in na tuna sai na yafe wa sauron.

Da safe na hau babur zuwa Sahuda, inda iyaka take. Ni a baya, rakoda a tsakaninmu, ɗan acaɓa a kan tanki yana tuƙi da addu'a. A ɓangarenmu aka duba takarduna aka sallame ni. A ɓangaren Kamaru wani jandarma, wato ɗan sandansu, mai furfura a gashin baki ya tsayar da ni. Ya zaga rakodar sau biyu kamar mai taya sa. Ya yi mini Faransanci, na mayar masa da Hausa, muka haɗu a Fulatancina na sayen nono. Abin da na fahimta, bai yarda rediyo ce ba, sai na kunna ya ji.

Na kunna. Ganga ta shigo. Gashin bakin nan ya fara motsi, ƙafarsa ta fara dukan ƙasa. Ya kira abokin aikinsa yana nuna rakodar yana dariya, da alama shi ma ta tuna masa da wani zamani. Ina cikin jin daɗi na zama baƙon gwamnati, sai muryar mawaƙin ta yi kauri, ta koma kamar sa ana yanka shi, sai ƙurrr.

Rakoda ta tauna zare.

Wallahi da ƙafata ce ta karye da ban ji haka ba. Na buɗe a hankali, zaren ya fito ya nannaɗe kamar hanjin kaza, ya tsinke a wuri guda. Na zauna a kan dutse. Na taho tun daga Jigawa da abu ɗaya da nake fatan zai buɗe mini ƙofar Bitrus, ga shi a tafin hannuna kamar taliya.

To amma duk direban zamaninmu likitan kaset ne. Aikin yana son abu uku: biro, reza, da jan farce. Jandarman ya ciro biro daga aljihunsa ya ba ni, kunya ta kama shi. Reza tana jakata. Saura jan farce.

Ku auna da kanku. Alhaji guda, da furfura, da carbi, da rabin hula, yana bin mata masu talla a bakin iyaka yana nuna farcensa yana cewa "boɗejum, boɗejum," wato ja. Wata ta ja mayafi ta gudu. Wata ta kira ƙawayenta su zo su ga ikon Allah. Daga ƙarshe wata mai sayar da soyayyar gyaɗa, Bahaushiya ashe, ta bar ni na gama wahala sannan ta ce, "Baba, in kwalliya za ka yi, lalle ya fi dacewa da shekarunka." Na yi mata bayani. Ta daina dariya, ta kwance bakin zane ta ciro 'yar kwalba.

Na yanke inda ya tauna, na haɗa baki da baki, na ɗiga jan farcen, na hura har ya bushe, na zura biro na naɗe. Jandarma biyu da mata masu talla sun kewaye ni ba mai tari. Na saka, na danna. Waƙar ta taso, ta yi 'yar shaƙuwa a wurin ɗinkin, ta wuce. Bakin iyaka ya ɗauki tafi, kai ka ce an haifi ɗa namiji.

Kamaru ƙasa ce mai abin mamaki. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, a hammata ake ɗaukarsa, kuma in ka yi faɗa da mutum kana iya ramawa da shi. Hannu kuwa, in ka fita fitsari ka dawo sai an sake gaisawa da kai. Da rana ta yi tsaka kowa ya rufe shago ya tafi cin abinci, ko da kai ne mai sayen shagon gaba ɗaya. Mu a Birnin Kudu ɗan kasuwa yana loma da dama yana miƙo canji da hagu. Amma tuwon dawarsu da miyar yakuwa kamar daga tukunyar Hajiya Gambo aka kwaso, har na ji kunyar yadda na suɗe kwano.

Na isa Gidar bayan azahar. Ban sha wahalar neman gidan ba, na ce Bitrus direba wanda ya yi zaman Najeriya, wani mai babur ya kai ni har ƙofa. Gida ne na jar ƙasa, da bishiyar mangwaro a tsakiya, a unguwar da coci ke wannan kusurwa masallaci ke waccan. Matarsa Maryamu ta fito. Ban taɓa ganinta ba, ya yi aure bayan rabuwarmu. Na ce ni ne Ubale daga Birnin Kudu.

Ta riƙe baki. "Kai ne mai cin ƙosan mutum uku?"

Na ce, "Ashe labarina ya riga ni tsallaka iyaka."

Ta ce, "Kullum sai ya ba da labarinka, lokacin da yake da baki." Sai ta rage murya. "Alhaji, kada ranka ya ɓaci. Tun da abin ya same shi bai furta kalma ba. 'Ya'yansa ma wani lokaci kallonsu kawai yake."

Yana zaune a kujerar katako a gindin mangwaron, an tokare shi da matashi. Dogon nan ya lanƙwashe. Hannun dama yana kwance a cinya kamar ba nasa ba, bakin ya karkace gefe guda. Na tsuguna a gabansa, na cire abin da tunkiya ta rage mini na hula.

"Fasto. Fasto, ni ne. Kada tumbin ya ruɗe ka, ina ciki."

Ya kalle ni. Idon nan da ke hango rami tun daga nesa ya bi ta kaina ya wuce, kamar ni katanga ce. Na ba shi labarin roka da kajin da suka gaje ta. Na tuna masa ranar da birki ya ƙi a gangaren Akwanga, ni ina salati yana kiran Yesu, motar ta rasa wanda za ta saurara ta tsaya da kanta. Maryamu ta yi dariya. Shi ko gezau.

Duk barkwancin da na tara shekara da shekaru ya ƙare mini a wurin nan. Ban taɓa jin bakina ya zama fanko ba sai ranar.

Na jawo rakoda na ajiye a kan turmi kusa da hannunsa na hagu, mai lafiyar. Na nuna masa kwalin, na saka, na danna.

Ganga ta shigo. Jita ta fara hawan dutsenta. Can na ga yatsunsa suna motsi a kan hannun kujera, ɗaya, biyu, daidai da bugun. Na kalli Maryamu. Ta girgiza kai a hankali. "Yana yin haka ko da rediyo aka kunna," in ji ta. "Kiɗan yake ji. Ba ya nufin ya san wanda ke wurin."

Na koma na zauna a tabarma. Na ce a raina, to shi ke nan, Ubale. Ka kawo kaya ga mai shi, ka ga fuskarsa, ka gode wa Allah. Turawa suna ta ihunsu a gindin mangwaro, kaji suna kiwo, inuwa tana tsawo. Ni na ma manta da lokaci, na nutse cikin waƙar.

Sai ladanin masallacin kusurwa ya ɗaga murya, kiran la'asar.

Ƙas!

Kiɗa ya mutu a tsakiyar kalma. Na ɗago. Yatsan Bitrus yana kan maɓalli. Ya janye hannun, ya kai shi bayan kujera yana lalube, yana lalube, inda buta take zama a roka. Ba komai a wurin sai iska. Ya juyo da kai da ƙyar, idonsa ya sauka a kaina, wannan karon ya tsaya. Leɓensa ya yi ta rawa, kamar injin da ya daɗe ba a tayar ba.

"Sau... ka," ya ce. "Liman."

Kwanon da ke hannun Maryamu ya faɗi.

Ni dai ban san lokacin da na kama hannun nan na kifa goshina a kai ba. Da na ɗago na ce, "Fasto, a ƙasa nake zaune, ina kuma zan sauka?" Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga. Dariyarsa ce, rabinta, amma ita ce. Maryamu ta ruga ta kawo buta tana kuka tana dariya, ta ba shi a hannu, shi ya ɗora mini a cinya.

Na yi alwala a gindin mangwaron Kirista, na tafi masallaci. Ban taɓa yin sallar da na daɗe a sujada kamar wannan ba. Da na dawo na tarar yana jirana, yatsa a kan maɓalli. Sai da na zauna ya danna, waƙar ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Na yi 'yan kwanaki a gidan. Bai ƙara wasu kalmomi masu yawa ba, ba zan yi muku ƙarya a wannan ba. Amma duk kiran salla sai an ji ƙas, sai an miƙo buta. Ranar da zan taho muka ji ta ƙarshen nan, mai roƙon a kai kowa gida lafiya, yana riƙe da hannun rigata har ta ƙare.

Na baro masa kaset ɗin da rakodar da duk baturan da na samu a kasuwar Gidar, na koya wa Maryamu aikin biro da jan farce. Da na dawo Gwaram, Malam Hudu ya kalli hannuna ya ce, "Ina rakodata?"

Na ce, "Tana Kamaru, ta samu aikin ladanci."

Ya buɗe baki zai yi faɗa, na zaunar da shi na ba shi labarin. Da na kai wurin butar sai ya juya baya yana ta neman wani sukurudireba da ke hannunsa. Can ya ce, "In za a aika musu batir, a gaya mini. Ƙananan ba sa yi mata."

Yanzu ba ni da kaset, ba ni da rakoda, sai abin da ya maƙale a kaina. Hajiya Gambo ta ce ina gunjin jita a banɗaki, jikoki suna tsorata. A majalisa kuma kun sha ganina, ina tsakiyar zuba, na kai inda labari ya fi daɗi, da ladan ya ɗaga murya sai in yanke a tsakiyar kalma in miƙe. Kuna cewa Alhaji Ubale ya tsufa ya shiryu. Ba shiryuwa ba ce. Wani ne a Gidar yake danna mini maɓalli.